Kujerar da kotu ta ba Kawu

Makon jiya ina neman rasit ɗin janareta a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburin shagona a Gusau, sai hannuna ya faɗa kan littafin Kawu. Littafi ne mai bangon kwali, irin wanda malaman firamare ke kiran sunan yara da shi, gefensa duk ya sha gumi da manja. Rasit dai har yau ban gan shi ba. Zama na yi a kan katan ɗin takarda ina buɗe shafi bayan shafi har aka kira la'asar, na bar yaron shago yana ta fama da masu hoton takardu shi kaɗai.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon hedimasta, kuma ya yi shekara huɗu cur yana wakiltar mazaɓarmu a majalisar dokokin Jihar Zamfara. Ba zan kama sunansa ko na garinmu ba, don yana nan da ransa, kuma sandarsa ba ta yi nisa da hannunsa ba. Duk kobon da ya kashe a siyasa yana cikin littafin nan, haka ma ƙuri'un da ya samu a kowane akwati. Ni ne mai buga masa fosta bashi, ni ne ejan ɗinsa a rumfar zaɓen garinmu, shi ya sa ajiyar ta ƙare a hannuna.

A 1998 ya shiga PDP mai alamar lema, wani abokin karatunsa ne ya ja shi. A lokacin jihar ba ta wuce shekara biyu da ɓallewa daga Sakkwato ba. Da zaɓen 1999 ya zo, Ahmad Sani Yariman Bakura ya ci gwamna a APP, wadda daga baya ta koma ANPP mai alamar masara, kuma a ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau. Daga nan zama ɗan lema a ƙauye irin namu ya koma abin a nuna ka da baki. Har kallon wanda ba ya son shari'a ake yi wa Kawu, alhali shi ke jan sallar asuba duk ranar da liman bai fito ba. Abokin da ya kawo shi bai yi wata shida ba ya tsere ya bar shi. Shi kuwa ya kafe. Na daɗe ina zaton aƙida ce, sai da na girma na gane rabinta taurin kai ne irin na dangin mahaifiyata.

Takararsa ta farko ko takardar ƙuri'a ba ta kai ba. Gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi ya bar ANPP ya dawo PDP a tsakiyar wa'adinsa, jam'iyyar da a garinmu ake taronta a zauren Kawu kan tabarma biyu ta wayi gari cike da baƙi masu manyan motoci. A zaɓen fidda gwani na 2011 daliget suka ci tuwonsa, suka karɓi kuɗin mota, suka zaɓi wani. A ƙarƙashin lissafin wannan shekarar ya rubuta da jan biro: rago biyu, buhun shinkafa uku, ƙuri'a huɗu. Wanda ya kayar da shi ɗin ma bai kai labari ba, don Abdul'aziz Yari ya kwashe jihar a ANPP, baƙin kuma suka watse yadda suka zo.

A 2015 babu mai son tikitin lema a mazaɓarmu, sai aka tuna da Kawu. Shekarar guguwar Buhari ce, shekarar "sak", ANPP ta riga ta narke cikin APC tun 2013, tsintsiya ta maye gurbin masara. Ranar 11 ga Afrilu na tsaya ejan a makarantar firamaren da ya yi shekara da shekaru yana shugabanta, a gindin darbejiyar da shi ya sa yara suka dasa. A zaɓukan wannan shekarar aka fara amfani da na'urar karanta katin zaɓe, ta yi ta ƙin karɓar yatsun tsofaffin mata waɗanda surfe da lalle suka shafe wa zane. Da yamma malamar zaɓe, wata 'yar bautar ƙasa da ba ta jin Hausa sosai, ta zazzage akwati a kan tebur, tana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Tarin tsintsiya sai da aka danne shi da dutse kada iska ta kwashe. Namu kuwa a tafin hannu ɗaya ta riƙe shi. Ƙuri'a 23.

Na kai masa kwafin takardar sakamako bayan magariba. Ya sa tabarau ya duba, ya ce da ni, "Kai, masu kati nawa na cikin gidanga namu?" Na ce sun haura talatin in aka haɗa da sashen su Baffa. Bai ƙara cewa komai ba. Ya rubuta 23, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Washegari ya bi gida-gida yana yi wa mutane ban gajiya, har da waɗanda ya san sun ci amanarsa, abin da ni a lokacin na ɗauka zubar da girma ne.

Labarin 2019 duk ɗan Zamfara ya san shi, amma bari in maimaita don waɗanda suke yara a lokacin. APC ta rabu gida biyu kan wanda zai gaji Yari: ɓangaren gwamna da ɓangaren su Sanata Kabiru Marafa. Wa'adin da hukumar zaɓe ta INEC ta ɗiba na kammala zaɓen fidda gwani ya cika ranar 7 ga Oktoban 2018 ana ta ja-in-ja, hukumar ta ce APC ba ta da ɗan takara ko ɗaya a Zamfara. Aka tafi kotu. A Janairun 2019 babbar kotun jiha da ke Gusau ta ce an yi zaɓen fidda gwani, daga bisani aka mayar da jam'iyyar kan takardar ƙuri'a.

A tsakanin nan ne tikitin da Kawu ya samu ba hamayya, don babu wanda ya tanka masa, ya yi daraja dare ɗaya. Ina zaune a zaure wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya mota ta tsaya ba tare da an kashe inji ba. Wani mutum da na sani, Kawu ma ya sani, ya shigo da yaro a bayansa ɗauke da jakar Gana-mas-go. Buƙatarsa ɗaya ce: Kawu ya rubuta takardar janyewa a sa sunan wani. Kawu ya sa aka kawo masa ruwa, ya tambaye shi lafiyar tsohuwarsa, ya yi ta jan hira kan tsadar taki har mutumin ya gaji ya miƙe. Da ya kai ƙofa Kawu ya ce, "Ka mance kayanka." Bayan sun tafi na ce, "Kawu, ko buɗewa ai ka bari a yi mu ga nawa ne." Ya ce in ya gani ba zai iya barci ba, in bai gani ba kuwa ko yanzu sai minshari. Ni ne ban yi barcin ba, don bashin fostar 2015 na nan a kansa ban ga ko sisi ba.

Ranar 9 ga Maris aka yi zaɓen gwamna da na majalisar jiha, aka sake lallasa mu. Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'a sama da dubu 500, Bello Matawalle na PDP bai kai dubu 200 ba. A mazaɓarmu wanda ya kayar da Kawu tsohon ɗalibinsa ne, yaron da ya taɓa zanewa kan satar mangwaron makaranta. Kawu ya rufe littafinsa, ya sayar da babur ɗin kamfe ya rage bashi, ya koma sharar gona. Ko da kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta rushe hukuncin Gusau ranar 25 ga Maris, cewa ya yi rigimar manya ce, ba ta shafi mai ƙuri'a ashirin da 'yan kai ba.

Ranar Juma'a 24 ga Mayu, cikin azumi, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, ina shago na ji ihu daga bakin titi. Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, don haka ba ta da 'yan takara, duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza, wanda ya zo na biyu a kowace kujera shi ne zaɓaɓɓe muddin ya cika sharuɗɗa. Gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, da kujeru 24 na majalisar jiha, duk a zama ɗaya. PDP ta kwashe su in ban da Maru ta Kudu da ta faɗa hannun jam'iyyar NRM. Na kira wayar Kawu ya fi sau goma, ashe tana wurin mai caji. Na rufe shago na hau mota.

Kafin in isa, ƙofar gidan ta cika maƙil. Mutanen da suka yi shekaru suna wucewa ta gaban zauren nan ba sallama sun shimfiɗa tabarmi, wani har ya kawo tulun ruwa ya yayyafa wa ƙofar gida don ƙura ta kwanta. Can sai ga Kawu a bayan babur ɗin wani yaro, da malfa a ka, ƙafafu fari fat da ƙasar gona, ya je duba takin da aka kai masa da amalanken shanu. Da ya hango taron sai ya dafa kafaɗar yaron ya ce ya tsaya. Ya sauko jiki na rawa ya ce, "Inna lillahi. Wa yar rasu?"

Aka fashe da kabbara, aka ɗaga shi sama, malfar ta faɗi aka tattake ta. Sai da aka sha ruwa jama'a suka ɗan ragu na samu na yi masa bayani a tsanake cikin ɗakinsa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ƙuri'un mutane fa, ina anka kai su?" Na ce kotu ta ce asararru ne. Ya daɗe yana kallon kofin kunun da ke gabansa. Ya ce, "Ikon Allah na." Amma ba da muryar mai murna ya faɗa ba.

Na sha yin gardama da abokai kan hukuncin nan, kuma har gobe ina kan bakana: kotu ta yi daidai. Jam'iyyar da ta kasa bin dokar da ta san da ita kafin ta shiga fili ba ta da bakin kuka. Sai dai tsohuwar da ta yi awa huɗu a layi cikin rana ba ita ta hana zaɓen fidda gwani ba, kuma ita aka ce wa ƙuri'arta shara ce. Kawu ya fi ni jin nauyin wannan, don shi ne zai riƙa haɗuwa da ita a hanyar rijiya. Bayan kwana uku tsohon ɗalibin nasa ya zo bayan tarawihi, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya ce, "Malam, Allah ya sanya alheri, Allah ya taya ka riƙo." Kawu ya kama hannunsa ya ce, "Taka ce, aro anka ba ni." Na ɗauka maganar fatar baki ce irin ta manya.

Su Kawu suka karɓi takardar shaidar cin zaɓe a ofishin INEC na Gusau, a watan Yuni aka rantsar da su, Nasiru Mu'azu Magarya ya zama kakakin majalisa. A tsarin mulki aikin ɗan majalisar jiha yin doka ne, da amincewa da kasafin kuɗi, da tantance kwamishinoni, da bin diddigin yadda ake kashe dukiyar jama'a. A rabin littafin Kawu na biyu kuwa ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da za ka gani shi ne takardar magani, kuɗin jini leda biyu, likkafani, ragon suna, kuɗin jarrabawar NECO na marayu shida, gyaran famfon tuƙa-tuƙa, kwanon rufin masallaci. Daga 2020 wani sabon layi ya fara yawaita, wanda yake rubutawa da gajeren suna "gudummawa": karo-karon kuɗin fansar waɗanda 'yan bindiga suka ɗauke. Akwai shafin da na ƙirga irin wannan layin har sau tara a wata ɗaya. Babu wanda ya taɓa zuwa zauren nan ya tambaye shi wace doka suka yi a makon. Ni ma, in faɗi gaskiya, zuwana na farko bayan rantsuwa da takardar bashin fosta na je, kuma ya biya har da na 2015.

Yakan tashi a zauren majalisa ya kawo ƙudirin gaggawa kan harin da aka kai wani ƙauye, a yi addu'a, a yi kira ga jami'an tsaro, akawu ya rubuta, a ɗage zama. Ya dawo masauki ya kwanta da ciwon kai. Kwana a garinmu ma ya gagare shi, sai dai ya shiga da hantsi ya fito kafin la'asar. Rana ɗaya na gan shi ya dawo daga majalisa da fara'a har kunne, a Nuwamban 2019, ranar da suka soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa. Mutumin da ya yi shekaru yana zarya sakatariya da fayil a hammata yana bin garatutinsa na koyarwa, ba sai an gaya maka dalilin murnarsa ba.

Sai 2021. Tun ana raɗe-raɗi har ta tabbata Gwamna Matawalle zai koma APC, kuma ana son majalisa ta bi shi. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa sai in jam'iyyar ta dare gida biyu, amma kakaki ne ke ayyana kujera babu kowa, to in da kakakin za a tafi, wa zai ayyana? Daren da Kawu zai ba da amsa ina falon masaukinsa. Inna, uwargidansa, wadda ban taɓa jin ta sa baki a siyasa ba, ta leƙo ta ce, "Malam, shekara ashirin da ukku kana shan rana ƙarƙashin lema wadda ba ta da inuwa. Yanzu da ta yi inuwa zaka fita?" Ya ce mata rijiyoyin burtsatse biyu da aka sa masa a kasafi ba a saki kuɗinsu ba, in ya tsaya shi kaɗai ba za a taɓa saki ba. Ta ce, "Kai dai ka sani," ta saki labule.

Ranar 29 ga Yuni aka yi gangamin a Gusau, Mai Mala Buni ya zo karɓarsu a matsayin shugaban riƙo na APC, kusan duk 'yan majalisar suka bi gwamna. Ni na buga wa Kawu fostarsa ta farko mai tsintsiya. Ya riƙe ta da nisa yana kallo, ya ce hular ta karkace, bai ƙara ba. A daren ranar 'yan bindiga suka kashe abokin aikinsu mai wakiltar Shinkafi a hanyar Funtuwa, aka wayi gari da jana'iza maimakon walima. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Wayar Kawu da ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba ta yi tsit, masu buƙata suka koma zuwa da ƙafarsu tun asuba.

Rijiya ɗaya aka haƙa cikin biyun. Tana ba da ruwa har yanzu, wannan ba zan ɓoye ba.

Abin da ban yafe wa Kawu da wuri ba shi ne na 23 ga Fabrairun 2022, ranar da majalisa ta tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi barin PDP. Ba ina cewa na san abin da ke cikin takardun tuhuma fiye da waɗanda suka karanta su ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya ƙi kallon cikin jakar nan a 2018 ya ɗaga hannu tare da kowa a kan wanda ya yi irin taurin kan da aka san shi da shi. Na yi wata guda ban taka masaukinsa ba. Da mahaifiyata ta matsa na je, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na duba littafin daga baya, shafin wannan makon babu komai a ciki, ko kuɗin mai bai rubuta ba.

A watan Mayun 2022 manyan APC na jihar suka sasanta, tsofaffin 'yan jam'iyya da sababbin shigowa suka zauna rabon kujeru. Kawu ya riga ya sayi fom na Naira miliyan 2. Aka kira shi wani gida da daddare, aka ba shi shayi, aka yaba dattakunsa, aka roƙe shi ya yi haƙuri don maslahar jam'iyya. Tikitin mazaɓarmu ya koma hannun tsohon ɗalibinsa. A mota muna komawa ina ta zage-zage, shi kuwa ya ce, "Ba na gaya maka aro na ba?" Kuɗin fom ɗin dai suna cikin littafin, a layin abin da ya fita bai dawo ba.

Zaɓen 2023 ya zo cikin wahalar canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki, 'yan siyasa na rabon atamfa da taliya don takardar Naira ta yi ɓatan dabo. Aka ɗage na gwamna da mako guda zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Wannan karon ba ni da ɗan takara, ban tsaya ejan kowa ba, na dai je na jefa tawa na koma gindin darbejiya ina kallo. Kawu ya zo da sandarsa, ya ƙi yarda a wuce da shi gaba, ya bi layi kamar kowa, ya shiga bayan labule shi kaɗai. Ban tambaye shi inda ya dangwala ba, bai kuma faɗa ba. Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci da ƙuri'ar jama'a, jam'iyyar da Kawu ya yi wa dako shekara 23 ya bari saura ƙiris.

A akwatinmu ma lema ce ta ci, karo na farko tun da aka fara ajiye akwati a makarantar nan. Da magariba na same shi a zaure kan buzunsa, rediyo a gefe, tabarma biyun nan na da a shimfiɗe babu kowa a kai sai wata mata da ta kawo takardar asibitin ɗanta tana jiran ya idar da lazimi. Ya shafa addu'a, ya karɓi takardar ya karanta, ya laluba aljihu ya ba ta abin da ya samu. Bayan ta fita ya ce, "Nawa lema tas samu wurinmu?" Na gaya masa. Ya sa na maimaita. Sannan ya jawo littafin daga ƙarƙashin buzu ya miƙo mini da biro, ya ce idonsa ba ya gani da dare, in rubuta a ƙasan 23 ɗin nan, in tafi da shi Gusau in ajiye.